Kafin A Kafa Murhun Ƙarfe A Ɗaki, A Fara Gina Masa Dandamali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da na ga yana yaɗuwa a cikin garin Jos da ƙauyukan da ke kewaye da shi, wato murhun ƙarfe mai ƙofa da bututun hayaƙi wanda masu walda suke ƙerawa, mutum ya kafa shi a cikin ɗaki yana hura masa itace domin iyalinsa su ji ɗumi. Na yi shekaru ina koyar da aikin gini kafin in yi ritaya, kuma ni kaina ina da irin wannan murhu a gidana, saboda haka ba kushe shi na zo yi ba. Abin da ya dame ni shi ne ƙasan da ake ɗora shi a kai, domin a gidajen da na shiga na gan shi a kan ledar ɗaki, na gan shi a kan tayil, har na taɓa ganin sa a kan kafet an ɗan tokare ƙafafunsa da guntayen bulo, mai gidan kuwa yana ganin ya gama aiki.

Duk wanda ya kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ba sai an ba shi labarin sanyi ba. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma idan hunturu ya kankama, da asuba ruwan buta yakan gagari yatsu, balle a wurare irin su Vom da Heipang da Bokkos inda iska ba ta da abin da zai tare ta. Tun muna yara kaskon wuta muka sani, a zuba garwashi a shiga da shi ɗaki, a kewaye shi ana hira har barci ya ɗauke mutane. Turawan haƙar kuza da suka zauna a nan su ma sanyin bai ƙyale su ba, shi ya sa a tsofaffin gidajen da suka bari wajen Rayfield da Bukuru ake ganin wurin hura wuta a jikin bangon falo da bututun bulo da ya huda rufi. Wanda ya lura da waɗannan gidaje da idon magini zai ga cewa a gaban kowane bakin wuta akwai shimfiɗar dutse ko ta bulo wadda ta fito cikin ɗakin, kuma ba don ado suka yi ta ba. Murhun ƙarfe ya fi kasko ta fuskar lafiya nesa ba kusa ba, tunda yana fitar da hayaƙi waje, amma mun ɗauko murhun mun bar shimfiɗar da ke tafiya tare da shi.

Ni ma da kuskure na fara, kuma ba na jin kunyar faɗa. Shekarar da aka ƙera mini nawa, sanyi ya riga ya shigo, ga tsohuwa a gida tana fama da ciwon gaɓoɓi, sai na yi gaggawa na samo fallen ƙarfe na shimfiɗa a kan ledar ɗakin na ɗora murhun a kai, ina cewa a raina ai ƙarfe ba ya cin wuta. Bayan kwana huɗu ko biyar uwargida ta ce mini, "Malam, ɗakin nan yana warin roba." Na ce hayaƙin fentin murhun ne, zai daina. Da warin ya ƙi tafiya muka bari murhun ya huce muka janye shi, ina ɗaga fallen sai ga leda ta narke ta manne masa, tsakiyarta ta yi baƙi ƙirin ta ƙanƙance, alhali ko garwashi ɗaya bai taɓa faɗa mata ba. Allah ne ya kiyaye, domin a ƙarƙashinta daɓen siminti ne. Da katako ne a wurin, da labarin da nake bayarwa yau daban ne.

Wannan ne ya koya mini a aikace abin da na sha faɗa wa ɗalibai a kan allo, cewa dandamalin murhu aiki biyu yake yi, kuma aikin nan biyu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne tare garwashi da tartsatsi, waɗanda suke tsalle waje duk lokacin da aka buɗe ƙofa za a ƙara itace ko za a kwashe toka. Wannan duk abin da ba ya cin wuta zai yi shi, ƙarfe ne ko tayil ko dutse, muddin faɗinsa ya isa kuma babu tsaga a jikinsa. Aiki na biyu shi ne hana zafin da ke sauka daga cikin murhun ya ratsa ya kai ga abin da ke ƙasa, kuma a nan ne yawancin mutane suke ruɗewa, domin sun ɗauka abin da ya fi ƙarfi shi ya fi tare zafi. Duk wanda ya taɓa barin cokalin ƙarfe a cikin koko mai zafi ya san yadda marikinsa yake ƙona hannu, ludayin duma kuwa sai ya wuni a ciki ba a ji komai ba. Ƙarfe yana kai zafi daga wannan gefe zuwa wancan fiye da jan bulo sama da sau 50, shi kuma jan bulon ya fi iskar da ke tsaye wuri ɗaya kai zafi sama da sau 20. Dutsen nan namu na Filato, wanda mutane suke sha'awar shimfiɗawa saboda kyansa, ya fi jan bulo saurin ratsa zafi, don haka ya yi kyau a sama inda garwashi zai faɗa, amma ba shi ne zai kare katakon da ke ƙarƙashinsa ba. Tayil kuwa sirantarsa ta sa kusan ba ya tare komai. Babban mai tare zafi a wannan aiki iska ce, wadda ba a saye ba a sayarwa, sai dai magini ya san yadda zai bar mata hanya.

Akwai wani hali na katako da ya kamata masu karatu su sani, domin shi ne yake sa mutum ya sakankance. Katakon da yake shan zafi kullum, ko da zafin bai kai ya kama da wuta ba, a hankali yake bushewa yana sauya launi yana komawa kamar gawayi, kuma da zarar ya kai wannan matsayi to zafin da zai kunna shi ya yi ƙasa ƙwarai da wanda sabon katako yake buƙata. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa ai shekara uku yana amfani da murhunsa haka ba abin da ya faru. Shekarun nan uku ba shaidar tsira ba ce, lokacin da katakon ya ɗauka yana nuna ne, kuma yana yin haka a ɓoye ƙarƙashin shimfiɗar da ba wanda yake ɗagawa.

Game da awo, ƙasashen da suka daɗe da irin wannan murhu sun rubuta ƙa'idojinsu, kuma babu laifi mu leƙa mu ɗauki abin da ya dace da mu. A Amurka akwai ƙungiyar kare gobara da ake kira NFPA, wadda aka kafa a 1896, kuma kundinta mai lamba 211 shi ne ya tanadi wannan batu. Abin da ya ce game da murhun da ba a gwada shi a ɗakin gwaji ba shi ne shimfiɗar ƙasa ta zarce jikin murhun da inci 18 ta kowane gefe, wato kimanin santimita 46, sannan a bar inci 36, ƙafa 3 ke nan, tsakaninsa da duk wani bango ko kaya mai cin wuta. Idan ƙasan ɗakin mai cin wuta ne kuma ƙafafun murhun sun kai inci 6, ana jera bulo mai kaurin inci 2 a rufe shi da fallen ƙarfe. Idan ƙafafun suna tsakanin inci 2 da 6, sai an sa bulo mai rami mai kaurin inci 4, an kwantar da shi yadda iska za ta riƙa wucewa ta cikin ramukan. Wanda ƙafafunsa ba su kai inci 2 ba kuwa, ba a ɗora shi a kan ƙasa mai cin wuta ko kaɗan. A Ingila dokar gini ta fi sassauci a wasu wurare, domin ta yarda da shimfiɗa mai kaurin milimita 12 kawai, amma da sharaɗin an tabbatar murhun ba ya sa zafin ƙasansa ya wuce digiri 100, in ba haka ba sai an zuba kankare mai kaurin milimita 125. A ganina awon Amurkawa ne ya dace da mu, kuma dalilin a fili yake. Sassaucin Ingila na murhun kamfani ne wanda aka auna aka buga masa takarda, namu kuwa mai walda ne ya yanka ƙarfe a unguwar Dilimi da ke nan Jos ya haɗa da idonsa da gwanintarsa, kuma komai ƙwarewarsa ba shi da na'urar da zai gaya maka yawan zafin da ke sauka ƙasa. Tunda ba mu da awon murhun, sai mu ɗauki awon da ya fi yalwa.

Bari in faɗi yadda na gina nawa, domin wanda yake da daɓen siminti a ƙasa, kamar yawancin gidajenmu, aikinsa ba shi da wuya. Murhuna faɗinsa inci 18 ne, tsawonsa daga ƙofa zuwa baya inci 22, ƙafafunsa kuma inci 7. Na ƙara inci 18 dama da hagu, faɗin dandamalin ya zama inci 54. Ta baya na bar inci 18 zuwa bango, ta gaba kuma na bar inci 23 maimakon 18, domin nan ne garwashi yake zubowa, kuma itacen turare da ya yi yawa a wajenmu yana da tartsatsi, tsawon ya tashi inci 63. Abu na farko da na yi shi ne yanke ledar wurin gaba ɗaya na cire ta, kuma ina jaddada wannan, domin na ga masu gina dandamali a kan leda don kada su ɓata ta, wanda kuwa ya yi haka ya binne abin da yake gudu ne a inda ba zai gan shi ba. Daga nan na sassare fuskar daɓen da guduma da kurfi don sabon siminti ya samu abin kamawa, na share, na jiƙa shi da ruwa, na kewaye wurin da katako a matsayin ma'auni wanda za a cire daga baya.

Jan bulo na yi amfani da shi, wato wanda aka gasa, mai tsawon inci 9 da faɗin inci 4 da rabi da kaurin inci 3, kuma a kwance guda 84 ne suka rufe wurin, 6 a jere sau layi 14, ban da ɗan ƙarin da tsakanin bulo da bulo ya kawo. Na tsoma su a ruwa tun dare, domin busasshen jan bulo yana tsotse ruwan kwaɓi kafin siminti ya kama, sai a wayi gari bulon yana motsi. Kwaɓin kuwa kwano 1 na siminti ne da kwano 4 na yashi mai tsabta, na shimfiɗa shi kaurin rabin inci, ina ɗora bulo ina bubbuga shi da marikin cokalin gini, ina duba daidaitonsa ta kowace fuska. Wannan daidaito ba ƙaramin abu ba ne, domin murhun da ƙafarsa ɗaya take lilo yana girgiza bututunsa duk lokacin da aka rufe ƙofa, kuma daga nan ne mahaɗar bututun take fara saki, hayaƙi ya riƙa tsiyaya cikin ɗaki. Na cike tsakanin bulon da kwaɓi sosai, ban bar ramin da ƙwayar garwashi za ta maƙale ba. Wanda yake son ado yana iya ɗora tayil ko dutse a sama, amma da siminti zai manna shi ba da gam ba, kuma ya tabbatar babu kogo a ƙarƙashi, domin gungumen itace ɗaya idan ya suɓuce a kan tayil mai kogo ya fasa shi. Ni na bar nawa jan bulo tsirara, ya fi mini kyan gani kuma ba ya santsi.

Inda haƙuri yake ƙarewa shi ne jira. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan ne yake haɗuwa da shi ya zama dutse, kuma iskar hunturu tana kwashe wannan ruwa kafin ya gama aikinsa. Na rufe dandamalin da jiƙaƙƙun buhuna ina yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7, sannan na bar shi ya cika kwana 28, wanda shi ne lokacin da magina suka sani siminti yake kai ƙarfinsa. Ko bayan nan ma da 'yan ƙirare na fara, wuta kaɗan kwana biyu, don sauran damshin ya fita a hankali kada ya tsage aikin.

Na biyu da na sa hannu a kai ya fi wannan wahala, kuma shi ne ya fi kusa da abin da nake tsoro. Wani ƙanena yana da gonar dankalin turawa a bayan gari, ya ajiye kwantena a matsayin ɗakin mai gadi, ya sa aka ƙera masa murhu irin nawa. Mutane suna ganin kwantena ƙarfe ce gaba ɗaya, sun manta cewa ƙasanta allon katako ne mai kauri a kan sandunan ƙarfe. A nan jan bulo a kwance ba zai gamsar da ni ba, ko da yake tsayin ƙafafun murhun ya ba da dama, saboda wuta ce da za ta kwana tana ci kusa da mutumin da ya gaji. Muka samo bulon siminti mai inci 6 guda 21, muka kwantar da su a kan gefensu, 3 a jere sau layi 7, ramukan kowane layi suna fuskantar na gabansa, har ya zama idan ka durƙusa ka leƙa ta gaba kana hango haske ta baya. Muka bar ɗan sarari tsakanin layin ƙarshe da jikin kwantenar don iskar ta samu mafita, sannan muka rufe saman da fallen ƙarfe guda ɗaya wanda aka lanƙwasa bakinsa ƙasa don kada ya yanki ƙafa. A wannan tsari ƙarfen yana tare garwashi, bulon yana ɗaukar nauyi, iskar da ke ratsa ramukan kuma tana kwashe zafin kafin ya sauka kan katako.

Maginin da ya taya mu, yaro ne mai hannu, da ya ga bakin ramukan a buɗe sai abin ya tsaya masa a rai. Ya ce, "Baba, bari in shafe gaban nan da filasta, haka ai kamar ba a gama ba, kuma ɓeraye za su shiga." Na ce masa, "Ɗana, ramukan nan su ne aikin, in ka toshe su ka mayar da shi tukunya mai murfi." Maganar ɓeraye kuwa gaskiyarsa ce, domin ɓera yana jan tsumma da ciyawa ya yi sheƙa, kuma sheƙa a ƙarƙashin murhu wata fitina ce, sai muka rufe bakin da ragar waya mai ƙananan idanu, iska ta wuce ɓera ya tsaya. Wanda zai yi irin wannan a kan bene na katako ko shagon katako da aka ɗaga daga ƙasa ya tuna da nauyi, domin a ƙiyasina bulon nan 21 sun kusa nauyin buhun siminti 8, ban da murhun kansa, saboda haka sai kafinta ya duba katakan da ke ɗauke da ƙasan tukuna. Ina kuma jan hankalin masu kiwon kaji, waɗanda Allah ya yi yawa da su a Jos, cewa ɗakin renon 'yan tsaki da aka shimfiɗe da ɓarzar katako ya fi kowane ɗaki buƙatar wannan dandamali, har da ɗan gefe mai tsayi da zai hana tsaki watso ɓarzar kusa da wuta.

Dandamali shi kaɗai ba ya raba mutum da gobara idan an manta da abin da ke gefe da sama. Bangon bulo da filasta ba ya cin wuta, amma labule yana ci, haka katifa da kujerar soso da durowar kaya da firam ɗin taga, har da wayar lantarki da aka binne cikin bututun roba a jikin bangon, kuma duk waɗannan ƙafa 3 ɗin nan ta shafe su. Inda ɗaki ya yi ƙanƙanta ana iya kafa fallen ƙarfe a jikin bangon katako, a bar inci 1 tsakaninsu, a buɗe sama da ƙasa don iska ta riƙa hawa, kuma bisa ƙa'idar da na ambata hakan yana rage tazarar daga inci 36 zuwa 12. Bututun hayaƙi mai falle ɗaya yana buƙatar inci 18 tsakaninsa da katako, abin da ke nufin ba a huda silin roba ko na kwali a zura shi kusa da katakon rufi. Ya fi sauƙi a fitar da shi ta bangon bulo sannan a miƙe da shi sama har ya zarce rufin. Kada kuma a naɗe kwanon rufi a yi bututu da shi, domin farin da aka shafa masa yana fitar da hayaƙi mai cutarwa idan ya sha wuta, kuma ba ya daɗewa yake hujewa.

Bayan an gama, akwai gwajin da ba ya buƙatar kuɗi. A hura wuta sosai ta yi awa 3, sannan a ɗora tafin hannu a bakin dandamalin, da ƙasan ɗaki inda ya ƙare, da bangon da ke baya. Inda hannu ya kasa zama, to wurin yana buƙatar ƙarin tazara ko ƙarin kariya, kuma a maimaita gwajin a tsakiyar sanyi lokacin da ake cika murhun da itace. Toka kuma a kwashe ta cikin bokitin ƙarfe mai murfi a ajiye a kan dandamalin ko a waje a kan ƙasa, domin garwashin da toka ta lulluɓe yana iya kwana biyu da ransa, kuma na san gidan da kwali cike da tokar jiya ya kusa tashin kicin. Haka nan kada murna da bututu ta sa a toshe kowace kafa ta ɗaki. Wuta tana cin iskar da mutum yake shaƙa, kuma idan ba ta samu isasshiya ba, ko kunkunniya ta toshe bututun, tana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri da barcin da ba a tashi. A kwantenar ƙanena sai da na tsaya aka yanka kafar iska ta dindindin a ƙasan ƙofa kafin na yarda a kunna ashana.

Na san za a ce mini ana fama da abin da za a ci, ina ake da kuɗin jan bulo 84. Amsata ita ce duk wanda ya iya biyan mai walda kuɗin murhu da bututu ya riga ya kashe abin da ya ninka kuɗin dandamali, kuma siminti buhu ɗaya ya ishi aikin har ya yi saura. Wanda jan bulo ya gagara, idan ƙasansa daɓen siminti ne, ya yanke ledar ko kafet ɗin har iyakar awon da na faɗa ya bar simintin tsirara, wannan ma ya fi fallen ƙarfe a kan leda sau dubu. Mu mutanen Jos mun ga yadda babbar kasuwar Terminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, kuma ba ina cewa murhu ne ya jawo ta ba, ina tuna mana ne cewa mun san abin da wuta take bari idan ta wuce. Unguwanninmu irin su Gangare da Unguwar Rogo da Rikkos gidaje ne manne da juna, rufi yana taɓa rufi, lunguna kuma ba kowanne motar 'yan kwana-kwana take iya shiga ba, don haka murhun da ke ɗakin mutum ɗaya maganar maƙwabtansa ce gaba ɗaya.

Roƙona ga hukumar kashe gobara ta Jihar Filato da hukumar raya birnin Jos, JMDB, shi ne su fitar da takarda mai shafi ɗaya da Hausa da sauran harsunan jihar, mai ɗauke da zane da waɗannan awo, a raba wa masu walda da masu sayar da kayan gini, a kuma karanta ta a gidan rediyon PRTV kafin sanyi ya shigo. Su kuma masu walda ina roƙonsu abu biyu, kada su ƙera murhun da ƙafafunsa suka gaza inci 6, kuma su riƙa walda wani falle a ƙarƙashin cikin murhun da ɗan sarari tsakani, domin wannan ɗan ƙarin yana rage zafin da ke sauka ƙasa sosai. Idan mai saye ya zo ɗauka, su tambaye shi a kan me zai ɗora, domin maganar mai sana'a ta fi ta jarida shiga kunnen mai saye.

Na rubuto wannan wasiƙa yanzu ne da damina take ja da baya saboda lissafin kwanaki. Wanda yake son ya hura wuta a farkon Disamba, kuma ya ba siminti kwana 28 ɗinsa, to ya kamata bulonsa ya kasance a ƙasa kafin watan Oktoba ya ƙare, lokacin da sauran damshin iska zai taimaka masa wajen renon aikin.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Tsohon malamin koyar da gini,
Jos, Jihar Filato.